Amsa: Kwamitinmu ya ƙi kiran zaɓe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kwamitin ƙungiyar ajiya da lamuni ta manomanku a Gadarif ta ƙasar Sudan ya wuce wa'adinsa, ya ƙi kiran babban taro, har suna cewa mai kuɗi da yawa a asusu ya fi kowa ƙuri'a. Maganarsu ba ta da tushe. Tsarin gama-kai da ya samo asali daga masaƙan Rochdale na Ingila a 1844 shi ne mamba ɗaya ƙuri'a ɗaya, ko kuɗin buhu biyu na riɗi ka zuba ko na ɗari.

Ku fara neman takardar dokokin ƙungiyar. Yawanci a ciki ake faɗin mambobi nawa za su iya tilasta taron gaggawa. Sai ku bi gida gida ku tara sa hannu, kowa da lambar littafin ajiyarsa, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Don Allah kada ku tsallake mata, su ne ba sa fashin zubi, amma su ake mantawa ranar zaɓe. Kwafi ɗaya ga kwamitin, ɗaya ga ofishin rajistar ƙungiyoyin gama-kai na jiha.

Inda aka fi kayar da mutane shi ne bashi. Duk wanda ake bi kuɗin zubi ya biya ya karɓi rasit tun yanzu, don da wannan za su fake su soke sunayen mutanenku. Kuma kada ku kira kowa ɓarawo kafin mai binciken kuɗi ya duba littattafai. Ku nemi a sa taron bayan girbi, a ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a.