Amsa: Free Fire, PUBG ko Call of Duty, wanne ya dace da ƙaramar waya?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda za ka fara da shi cikin wasannin harbin nan uku na waya, ga shi wayarka ba ta da ƙarfi sosai. Ni dai Free Fire zan ce maka. Kamfanin Garena ne ya fito da shi a 2017, kuma ƙananan wayoyi suna ɗaukarsa lafiya. Mutum 50 ake saukewa a tsibiri su yi ta harbin juna har a samu wanda ya rage, zagaye bai cika wuce minti goma ba. Aibinsa shi ne jaruman cikinsa kowa da baiwarsa, mai kuɗin sayen lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasan, yakan samu ɗan fifiko.

PUBG Mobile kuwa shi na fi so har raina. Mutum 100, fili mai faɗi, zagaye kan kai rabin awa. Nan ake koyon haƙuri: ka kasa kunne ka ji takun abokin gaba a saman bene, ka lissafa inda da'irar da ke rage faɗin filin wasa za ta matse kafin ka motsa. Sai dai yana gasa waya. Ranar Asabar a Unguwar Rimi, saura mu huɗu a fili, wayata ta yi zafi kamar dutsen guga, hoto ya tsaya cak. Kafin ya dawo an kashe ni. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Call of Duty Mobile na 2019 sauri gare shi, mutum biyar ke karawa da biyar, zafin hannu ya fi dabara aiki. In sabis ɗin unguwarku yana rawa kada ka fara da shi, za a harbe ka tun ba ka ga mutum ba.