Sabuwar kwamfutata tana ƙamewa idan na shiga gem

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sati biyu ke nan da na haɗa kwamfutar buga gem da hannuna. Furosesa Ryzen 5 7600 ce, katin hoto RTX 4070, RAM DDR5 mai gudun 6000 sanda biyu, sai PSU (na'urar da ke ba kwamfutar wuta) mai wat 650, ina kan Windows 11. Kallon bidiyo da shiga intanet lafiya lau. Amma da na shiga gem, minti 20 ko 30 sai ta ƙame ƙam, sauti ya riƙa zzz, sai na danne maɓallin kunnawa take mutuwa. Abokina ya ce katin hoton ne ya lalace. Na mayar da shi ne? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakata da mayar da katin tukuna, kuma kada ka sayi komai a wannan satin. Na san zafin abin, mutum ya tara kuɗi wata da watanni ya haɗa injinsa, sai ga wannan. Amma yadda ka siffanta ƙamewar, zargina ya fi karkata ga RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi.

Ga dalilina. Lambar nan 6000 da ke jikin kwalin RAM ɗinka ba gudunta na asali ba ne. Idan ka saka DDR5 ba ka taɓa komai ba, yawanci a 4800 take tashi, kuma iyakar da AMD ta lamunce wa Ryzen 7000 a rubuce ita ce 5200. Abin da ke kai ta 6000 shi ne saitin EXPO da ake kunnawa a cikin BIOS (shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi), wanda a ɓangaren Intel ake kira XMP. Wato tura ta ake yi ta wuce ƙa'ida. Galibin injuna suna ɗauka ba gardama, wasu kuwa sai an dafa musu. Kallon bidiyo ba ya matsa wa RAM, shi ya sa ba ka ganin komai. Gem ne yake cika ta har kuskure ɗaya ya tsayar da komai. Saboda haka ka shiga BIOS, ka kashe EXPO, ka buga gem ɗin da ya saba ƙamar da ita na awa biyu. Idan ta tsaya daram, ka kama ɓarawon.

Kafin ka rufe akwatin, duba inda ka soka sandunan. A yawancin madabod (babban allon da ake soka komai a kansa) mai rami huɗu, sanda biyu a rami na biyu da na huɗu ake saka su, idan ka fara ƙirga daga furosesa, wato A2 da B2. Ka danna kowacce sai ka ji ƙas. Daga nan ka sa manhajar gwada RAM ta MemTest86 a filash, ka tashi kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya yi zagaye huɗu cikin dare. Kuskure ko guda ɗaya ne ya fito, akwai matsala. Sai ka gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya don gano mai laifin.

Idan an tabbatar EXPO ne, ba wai ka haƙura da gudun ba ke nan har abada. Ka sabunta BIOS daga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗinka, domin allunan AM5, irin na Ryzen 7000, sun sami gyare-gyare da dama a kan DDR5, kuma a 2023 AMD ta taƙaita wutar da ke shiga sashen SoC na furosesa zuwa bolt 1.3 bayan wasu furosesoshi sun ƙone. Don Allah kada ka yi wannan sabuntawar a kan wutar NEPA tsura. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da rubuta BIOS, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ka nemi UPS ko inbata mai cikakken caji. Bayan haka ka sake kunna EXPO. Idan har yanzu tana gardama, sauke ta zuwa 5600. Bambancin a cikin gem kaɗan ne.

To idan ka kashe EXPO amma ba ta daina ba fa? Lokacin da ta sake ƙamewa, danna Caps Lock ka ga ko fitilarsa na amsawa, sannan ka danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke sake tayar da direban hoto. Idan allon ya farfaɗo, matsalar ta direba ce ko katin. Ka share tsohon direban da manhajar DDU a cikin Safe Mode, ka saka sabo daga NVIDIA. A Event Viewer kuma, inda Windows ke rubuta kurakurai, ka nemi sunan nvlddmkm ko WHEA-Logger a daidai lokacin ƙamewar. Kernel-Power 41 da za ka gani kada ya ruɗe ka, shaida ce kawai cewa an kashe injin da ƙarfi, kuma kai ne ka kashe shi.

Zafi ma ka auna shi da manhajar HWiNFO64 kana cikin wasa. Furosesarka tana rage gudu da kanta a digiri 95. Idan tana kaiwa can cikin 'yan mintuna, cire na'urar sanyayawar ka duba ko ka manta ledar da ke manne a gindinta. Masu haɗawa na farko da yawa sun faɗa wannan ramin. Kuma ka san zafin Kano a watan Afrilu, kada ka cusa akwatin a lungun da iska ba ta ratsawa.

Maganar wuta, wat 650 shi ne abin da NVIDIA ta ba da shawara ga RTX 4070, katin kansa wajen wat 200 yake ci, don haka adadin ya isa in dai PSU ɗin na kirki ne. Ka tabbatar wayar katin ta shige har ƙarshe. Sai dai raunin wuta ya fi jawo mutuwa ɗif ko sake tashi da kanta, ba ƙamewa da hoto a tsaye ba. Duk da haka ka lura ko abin ya fi faruwa a kan janareta. Roƙona ɗaya: abu guda za ka canza a kowane gwaji, ka rubuta sakamakon a takarda. Idan duk waɗannan sun wuce lafiya, sai ka ari katin abokin naka ka gwada, a nan ne maganarsa za ta tabbata ko ta faɗi.

Tambaya: Malam, tawa Core i7-13700K ce, gem yana rufe kansa ko ya ƙame, kuma na kashe XMP ba ta sauya ba.

Amsa: Taka daban ce. A Yulin 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesoshinta na tebur na zubi na 13 da na 14 (taka 'yar zubi na 13 ce) suna jan wutar da ta wuce kima har su lalace a hankali. Ta fitar da gyaran da ke zuwa ta BIOS mai lamba 0x129 a Agusta, sannan 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Sabunta BIOS ɗinka yau, ka zaɓi saitin asali na Intel. Gyaran yana hana ƙarin ɓarna ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Idan ƙamewar ta ci gaba, nemo rasit ɗinka ka nemi a musanya maka.