Shin Ƙungiyar Masu Gidaje Tana Da Ikon Tilasta Wa Mutum Biyan Kuɗin Wata?

TAMBAYA: Malam, ni ne ma'ajin ƙungiyar masu gidaje a wani rukunin gidaje da ke Lugbe, Abuja. Da kuɗin wata-wata muke biyan masu gadi da masu kwashe shara, muke kuma gyaran rijiyar burtsatse, amma wasu sun daɗe ba su biya ba. An kawo shawarar a hana motocinsu shiga ƙofa, a kuma yanke musu ruwa. Muna da wannan ikon?

AMSA: Malam ma'aji, ƙorafinku yana kan gaskiya, domin wanda yake kwana cikin tsaron da maƙwabtansa suka biya, alhali yana da hali ya ƙi bayar da nasa kaso, ya ci haƙƙinsu. A ganina ya dace ƙungiya ta iya karɓar haƙƙinta, amma ta hannun kotu, domin ranar da shugabanni suka zama su ne masu ƙara, su ne alƙalai, su ne masu zartarwa, to gaba ta shiga unguwa.

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma a shekarar 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a shari'ar da wani kamfani ya shigar kan ƙungiyar mazauna unguwar Gbagada a Legas, ta yanke cewa ba a tilasta wa mutum zama ɗan ƙungiya don kawai yana zaune a wurin. Sashe na 41 kuma ya kare 'yancin zirga-zirga, saboda haka tare mutum a ƙofar da za ta kai shi gidansa na iya mayar da ku waɗanda ake ƙara. Yanke ruwa ya fi muni, tunda mata da yara ne za su ɗanɗana kuɗar bashin da ba su ci ba.

Ƙarfinku yana cikin takarda. Ku duba takardar cinikin kowane gida, domin idan mai saye ya sa hannu cewa zai riƙa biyan kuɗin hidima, to wannan alkawari ne da kotu za ta iya tilasta cika shi. A Amurka, inda irin waɗannan ƙungiyoyi ke iya kaiwa ga sayar da gidan wanda ake bi bashi a jihohi da dama, ikon ya samo asali ne daga sharuɗɗan da aka rubuta a kan gidan tun kafin a saya, da dokokin jiha. Ban so mu kai can, domin raba iyali da muhalli saboda kuɗin shara zalunci ne.

Ku tabbatar ƙungiyarku tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) don ta iya shigar da ƙara da sunanta, ku kuma riƙa bayyana wa kowa lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, domin wasu rashin yarda ne ya hana su biya. Wanda ya shiga matsi a sassauta masa ya biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya ƙi da gangan a rubuta masa takardar neman biya, a gwada sulhu ta hannun dattawan unguwa, in ya cije a kai shi kotun ƙananan basussuka.