Maganin Gigin Tsufa da Raunin Ƙoda

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 79, gigin tsufa ya kama shi, an ɗora shi a kan donepezil da memantine. Gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta yi rauni, ga jiri da yawan barci. Maganin ne ya taɓa ƙodar? Mu daina ba shi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku tsayar da maganin da kanku, amma ku mayar da shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ba kasafai magungunan nan suke lalata ƙoda kai tsaye ba. Memantine ta fitsari yake fita, idan ƙoda ta gaza sai ya taru a jini ya kawo jiri, barci da ƙarin ruɗewa, iyali kuwa su ɗauka cutar ce ta yi tsanani. Mai lafiyar ƙoda yakan sha miligiram 20 a rana, amma idan ma'aunin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 30, ba a wuce 10. A auna nauyin Baba ma, domin tsohon da ya rame kan nuna sakamako mai kyau alhali ƙodar ta ja baya.

Ku bincika ko yana shan jiƙon kanwa ko hodar soda don ƙwannafi. Suna kashe tsamin fitsari, har fitar memantine ta iya raguwa da kusan kashi 80 cikin 100. Ba 'yar kanwar miya muke nufi ba, wadda ake jiƙawa a sha kullum ce abin tsoro.

Shi donepezil hanta ce ke sarrafa shi, ba a rage shi saboda ƙoda. Illarsa amai, gudawa da rashin cin abinci, musamman idan an ɗaga shi daga miligiram 5 zuwa 10. Tsoho ba ya jin ƙishirwa sosai, balle mai mantuwa, ga zafin bazara. Ruwan jiki na yin ƙasa, idan yana shan maganin hawan jini irin su lisinopril ko furosemide mai sa yawan fitsari, ƙoda na iya tsayawa cikin kwanaki. Magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen kuwa, a raba Baba da su, domin suna taɓa ƙoda. Duk ranar da amai ko gudawa suka taso, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a tambayi likita waɗanne ƙwayoyi za a dakatar.

Idan fitsari ya ragu sosai, ko ya koma kalar baƙin shayi tare da ciwon tsoka, a garzaya asibiti a ranar.