Wane Benci Ne Zai Daɗe a Filin Hutawar Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta matasa, a wani gari na ƙaramar hukumar Ringim, ta yi karo-karo domin sanya bencina a filin hutawa da ke kusa da kasuwa. Wasu sun ce na katako ya fi araha, wasu kuma na ƙarfe suke so. Wanne ne zai fi daɗewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka muku da alheri. Shawarata ita ce ku bar su duka biyun, ku yi na kankare.

Farin katakon da kafintoci suka fi amfani da shi ba ya jure zaman waje a yankinmu, domin gara tana shigarsa ta ƙafafu, ruwan damina ya jiƙa shi daga Yuni zuwa Satumba, sannan hunturu ya busar da shi har ya tsattsage. Ƙirya da maɗaci suna da ƙwari, amma sun yi tsada. Baƙin man da wasu ke shafawa kuwa yana rage ɓarnar gara, sai dai babu dattijon da zai ɗora farar rigarsa a kai.

Na ƙarfe yana buƙatar jan fenti mai hana tsatsa, musamman a wuraren da aka yi walda, kuma a Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ya zaunuwa da rana. Ga kuma masu sacewa su sayar wa 'yan jari-bola.

Na kankare ya fi cin kuɗi da farko, amma idan kuka raba kuɗin da shekarun da zai yi ba tare da gyara ba, za ku ga shi ne mai araha. Sharaɗin shi ne a yi aikin bisa ƙa'ida, domin a nan ake cutar jama'a. Ku tsaya a kan magini ya auna siminti 1, yashi mai kaifi 2, tsakuwa 4, kuma kada ya cika ruwa don sauƙin kwaɓi. Rodin da za a saka ya nutse sosai a ciki, domin idan ya kusanci waje danshi zai sa ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren. Bayan zubi, a rufe shi da buhu a riƙa ba shi ruwa na aƙalla kwana 7, ko da yake sai ya kai wajen kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Wannan ban-ruwan ne aka fi yin sakaci da shi, don haka ku naɗa mutum guda a kansa.

Tun da ba ya ɗaukuwa, ku zaɓi wurin tun kafin a haƙa tushe. A sa shi inda inuwar darbejiya ke sauka da la'asar, amma a ɗan nisanta da gindinta saboda saiwa, kuma a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya da damina.