Ina son mutanen ofishinmu amma albashin ba ya kai ni ƙarshen wata, in tafi ko in zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 5 a inda nake aiki, mu 11 ne a ofis kuma wallahi kamar 'yan gida ɗaya muke, ogarmu mace ce mai kirki, lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti sati uku ko takardar likita ba ta tambaye ni ba, abokan aikina suka rarraba aikina a tsakaninsu har na dawo. Matsalar ita ce shekara 3 kenan ba a ƙara mana komai ba, kafin 20 ga wata na fara cin bashi. Yanzu wani kamfani ya kira ni intabiyu na ci, za su ba ni abin da ya fi nawa da kashi 40 cikin 100, amma da nisa, yanzu minti 20 ke kai ni ofis can kuwa awa ɗaya da minti 20, kuma ban san kowa ba. Sati biyu suka ba ni. Na kasa barci, ji nake kamar zan ci amanar mutanen da suka tsaya min.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa mama lafiya. Bari in fara cire miki wannan maganar ta cin amana daga rai don ita ce ta hana ki barci ba lissafin ba. Mutanen nan sun tsaya miki ne saboda suna ƙaunarki, ba jingina suka karɓa ba, kuma wanda ya riƙe miki aiki sati uku kina jinyar uwa ba shi ne zai so ya gan ki kina cin bashi duk wata ba. Abin da ke kanki shi ne godiya da riƙe zumunci da barin aikin cikin mutunci in kin tashi bari.

Toh sai lissafi, ki ɗauko biro da takarda yau da daddare. Shekara 3 ba ƙari ba yana nufin albashinki ya tsaya wuri ɗaya ba, raguwa ya yi. A ce misali farashin kaya na tashi da kashi 10 duk shekara, cikin shekara 3 ya hau kashi 33, kinga abin da kuɗinki ke saya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu alhali lambar da ke shigowa asusunki ba ta canja ba, shi ya sa kike ganin watan yana ƙara tsawo. Shi ma ɗaya ɓangaren ki bincike shi haka, wannan kashi 40 ɗin kafin a cire haraji da kuɗin fansho ne ko bayan an cire? Alawus na ciki ko daban yake? Ki ce su rubuta miki abin da zai shigo hannunki a takardar ɗaukar aiki, maganar baki ba ta biyan bashi. Sai ki cire kuɗin mota na sabuwar hanyar. Sannan lokaci, wanda mutane suka fi mantawa da shi, ƙarin awa ɗaya zuwa awa ɗaya dawowa awa 2 ne kullum, awa 10 a sati, sama da awa 40 a wata, wato kamar kin ƙara sati guda na aiki a kan hanya kawai. In bayan duk wannan abin da ya rage ya isa ya raba ki da bashin ƙarshen wata har ki ɗan ajiye wani abu, to kuɗin na gaske ne. In kuma ya narke ya koma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ki koma musu ki nemi ƙari ko wasu ranaku na aiki daga gida kafin ki ce eh, sun riga sun zaɓe ki ai, yanzu ne maganarki ta fi nauyi.

Akwai wani abu da nake so ki lura da shi game da daɗin da kike ji a ofishinku, kuma wannan ni na gani da idona. Na taɓa aiki a wani wuri irin naku, ranar da na kai takardar ajiye aiki ogana ya karanta ta sau biyu ya ninke ya sa a aljihun riga ya ce Allah ya sa shi ne mafi alheri, na fito na shiga banɗaki na yi kuka sosai. Bayan shekara biyu shi ma ya samu wani wuri ya tafi, aka kawo sabo, cikin watanni kaɗan mutum huɗu suka watse, wadda ta zauna saboda shi kaɗai ita ce ta fi kowa shan wahala don ta rasa ogan kuma albashin na nan yadda yake. Kyakkyawan zama a wurin aiki sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da shi kuma babu shi a cikin kwantiragi. Ki tambayi kanki, in ogarki ta tafi gobe zan zauna a kan wannan albashin? Amsar da ta fara zuwa miki ki riƙe ta.

Ba ina raina zaman lafiya ba ne, ko kusa. Wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin oga mai wulaƙanci ya san babu albashin da ke biyan faɗuwar gaba kowace safiya. Don haka a sati biyun nan ki nemo mutum ɗaya da ke aiki can ko wanda ya bari, ki tambaye shi ana biya a kan lokaci, ƙarfe nawa ake tashi a zahiri, wanda za ki maye gurbinsa me ya sa ya tafi, mutum nawa suka riƙe kujerar cikin shekara 3. Ki karanta sharaɗin lokacin gwaji da kyau, galibi wata 3 zuwa 6 ne kuma a cikinsa sallama ta fi sauƙi, ki tabbata kina da abin da zai riƙe ki in abin bai yi ba.

Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da bincike a 1959 bayan an tattauna da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh, abin da ya gano shi ne albashi da zaman abokan aiki duk sahu ɗaya suke, in sun lalace mutum ya shiga ƙunci, amma gamsuwa ta gaske tana zuwa ne daga aikin kansa, a ba ka nauyi, a san ƙoƙarinka, ka ga kana gaba. A wasiƙarki ba ki ce komai a kan wannan ba, shekara 5 me kika koya a biyun ƙarshe, akwai matsayin da kike hange a nan? In babu, to ba kuɗi kaɗai kike rasawa ba.

Ni dai ra'ayina, mai cin bashi kafin 20 ga wata ba kwaɗayi ke damunta ba, buƙata ce. In lissafin ya fita kuma binciken bai nuna miki wani mugun abu ba, ki tafi. Amma ki fara samun ogarki ke da ita kafin kowa ya ji, bayan takardar can ta shigo hannunki, ki ba da wa'adin da kwantiraginki ya ce, ki rubuta komai ki miƙa wa wanda zai karɓe ki tsaf.

Tambaya: Anti ni na riga na kai takardar ajiye aiki sai oga ya kira ni ya ce zai daidaita min albashi da na can in zauna, ya zan yi?

Amsa: Ɗan uwa ka fara tuna abin da ya sa ka fita nema tun farko. In kuɗi ne kawai kuma kana son wurin, zama ba laifi ba ne, amma sai an rubuta, da ranar da zai fara, da sa hannun wanda ke da ikon biya, kuma ka tambaya ko wannan ƙarin shi ne zai cinye na shekara mai zuwa don ana yin haka. In kuwa akwai wani abu bayan kuɗi, rashin ci gaba ko aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, yana nan yana jiranka ranar Litinin. Kuma in ka riga ka sa hannu a can ka sani akwai waɗanda aka ce wa a yi haƙuri saboda kai, in za ka janye ka kira su da kanka yau ɗin nan, kar ka bari sai ranar da suke jiran ganinka.