Tambaya da Amsa: Garkuwar sama ba maganin ƙarfe ba ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yallaɓai. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Zariya. Ƙanena ya gama horon soja a nan Zariya bara, yanzu an tura shi Borno. Tun da muka ji cewa 'yan ta'adda sun fara jefa wa sansanonin soja bama-bamai da ƙananan jirage marasa matuƙa, mahaifiyarmu ta daina barci. A majalisarmu wasu na cewa da gwamnati za ta sayo S-400 daga Rasha, ko Iron Dome irin ta Isra'ila, ko ƙuda ba zai ratsa samaniyar Najeriya ba, wai Amurka ce ke hana mu. Wasu kuma sun ce taimakon makamai daga waje duk yaudara ce, a dubi Afganistan. Don Allah wanne ne gaskiya, kuma me zan gaya wa Inna?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare ƙanenka da abokan aikinsa, ya dawo da su lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna.

Abin da ke barazana ga ƙanenka, ba S-400 ba ce maganinsa, ba kuma Iron Dome ba. An ƙera S-400 ne domin jiragen yaƙi da manyan makamai masu linzami, tana iya kai wa abin da ke nesa har kilomita 400. Iron Dome kuma, wadda Isra'ila ta fara aiki da ita a 2011, ta rokoki ce masu cin gajeren zango, kilomita 4 zuwa 70. Abin da 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ke tayarwa kuwa irin jirgin nan ne da masu ɗaukar hoto ke shawagi da shi a wurin ɗaurin aure ko hawan sallah, sai dai su gurneti suke ɗaura masa. Yana tafiya ƙasa-ƙasa, jikinsa roba ne, kuɗinsa bai kai na tsohuwar mota ba.

Amma maganar nan ta "ko ƙuda ba zai ratsa ba" ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta, a wurin mai shayi, a motar haya, har a bakin masu digiri. Mun ɗauki na'urar kakkaɓo makamai kamar maganin ƙarfe: ka sha, ka ɗaura laya, wuƙa ta lanƙwashe a jikinka. Sunan ma ya taimaka wajen ruɗin, mutum ya ji an ce Iron Dome, wato rumfar ƙarfe, sai ya zaci wani murfin tukunya ne aka kifa a kan ƙasa. Babu murfi, Malam. Abin da ke akwai shi ne rada mai hangowa, da kwamfuta mai lissafi, da motar harbi mai ɗauke da makamai ƙidayayyu, da sojoji masu gajiya da jin barci kamar kowa. Duk wanda ya gaza a cikin huɗun nan, magana ta ƙare.

Tunda malami ne kai, ɗauki alli. Rukuni ɗaya na Iron Dome yana kare abin da bai wuce murabba'in kilomita 150 ba. Isra'ila gaba ɗayanta wajen murabba'in kilomita 22,000 ce, ba ta kai rabin jihar Kaduna ba, wadda ke da kusan 46,000. Kenan a rufe Kaduna kaɗai sai an nemi rukuni wajen 300, Najeriya kuwa mai 923,768 sai sama da 6,000. Isra'ilar da kanta ba ta rufe ko'ina ba, birane da wurare masu muhimmanci ta zaɓa, kuma na'urar tana ƙyale duk rokar da ta lissafa cewa a fili za ta faɗi, don kada ta yi asarar makami. Kowace ƙasa haka take yi: a zauna a yanke shawarar me za a kare, me za a bari. Zaɓi ne mai ɗaci, ba a faɗinsa a talabijin.

Ga kuma maganar ƙarewar harsashi. A watan Afrilun 2024 Rasha ta rusa tashar lantarki ta Trypilska da ke kusa da babban birnin Yukren. Shugaba Zelensky ya bayyana daga baya cewa makamai 11 aka harbo, sun kakkaɓo 7, ragowar 4 suka sauka a kan tashar saboda makaman kakkaɓowar sun ƙare ƙaf. Na'urar lafiyarta ƙalau, rada na gani, sojoji na zaune, amma babu abin harbawa. Maƙiyi mai wayo ba ya wahalar da kansa wajen neman makamin da ba ya kakkaɓuwa, turo maka tarkace yake yi har rumbunka ya ƙare. Jirgin Shahed na Iran da Rasha ke amfani da shi ana ƙiyasta kuɗinsa tsakanin dala 20,000 zuwa 50,000, makami guda ɗaya na Patriot, na'urar kakkaɓo makamai ta Amurka, kuwa wajen dala miliyan 4 ne. Akwai daren da Rasha ke sakin irin jiragen nan ɗaruruwa. Wa zai jure yanka sa kullum don ya kori ɓera? Shi ya sa mutanen Yukren suka koma ga Gepard, tsohuwar motar bindigar kakkaɓo jirgi da Jamus ta riga ta jingine, da kuma manyan bindigogi a bayan akori-kura da fitilar haskawa. Patriot ɗin sai suka adana shi don manyan baƙi, kamar Kinzhal da suka kakkaɓo da shi a watan Mayun 2023, makamin da Rasha ta daɗe tana cewa babu mai iya tare shi.

Rada ma ba ido ne mai ganin komai ba. A miƙe take gani, ƙasa kuma a lanƙwashe take. Ka girka ta a Samaru, abin da ya laɓe a bayan Dutsen Kufena yana tafe ƙasa-ƙasa ba za ta gan shi ba sai ya ɓullo, lokacin kuma daƙiƙoƙi suka rage. Saudiyya na cikin ƙasashen da suka fi kowa kashe kuɗi a kan makamai, tana da Patriot, amma ranar 14 ga Satumban 2019 jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami suka faɗa wa cibiyoyin mai na Abƙaiƙ da Khurais, aka tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana, kusan rabin abin da ƙasar ke haƙowa. Ita kuma Rashar da 'yan majalisarku ke kirari da S-400 ɗinta, Yukren ta shigar da ƙananan jirage 117 cikin ƙasarta a ɓoye, ranar 1 ga Yunin 2025 aka tayar da su daga kan manyan motocin dakon kaya a gefen sansanoni, suka ƙone jiragen yaƙi a inda suke ajiye. Garkuwar na can tana hangen nesa, ɓarawo kuwa yana cikin zaure.

Wani lokacin ma kuskuren ɗan mitsitsi ne. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, a yaƙin Tekun Fasha, makamin Scud na Iraƙi ya faɗa wa masaukin sojojin Amurka a Dahran ta Saudiyya, ya kashe 28. Akwai Patriot a wurin. Ta yi wajen awa 100 a kunne ba a kashe ta ba, agogon kwamfutarta ya goce da abin da bai kai rabin daƙiƙa ba, sai ta nemi makamin a inda ba ya nan. Haka kuma na'urar kan cinye na gida: a Janairun 2020 dakarun Iran, cikin firgici, suka harbo jirgin fasinja na Yukren jim kaɗan da tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka mutu.

Kada ka fahimce ni a baibai, na'urorin nan suna aiki, sun ceci rayuka masu yawa. A Afrilun 2024 Iran ta harba wa Isra'ila jirage da makamai sama da 300, aka kakkaɓo mafi yawansu. Sai dai ba Isra'ila kaɗai ta yi aikin ba, da hannun Amurka da Ingila da Faransa da Jodan, kuma an san da zuwan harin tun kafin ya zo. A Oktoban shekarar da Iran ta sake harba makamai wajen 180, wasu sun sauka a sansanin jiragen Nevatim. Masu turo mana bidiyo a WhatsApp ba sa nuna wannan ɓangaren. Wasu bidiyoyin ma, wallahi, daga wasan kwamfuta mai suna Arma 3 aka yanko su, aka ɗora kiɗa da muryar wani yana ihu. Mutumin da bai taɓa jin ƙarar igwa ba ya zauna a ɗaki da waya, ya naɗa wa kansa rawanin masanin tsaro, yana rarraba wa ƙasashe nasara. Da abin a hira ya tsaya da na ƙyale. Illarsa ita ce irin wannan surutun ne ke sa shugabanni sayen abin da zai yi kyau a faretin ranar 'yanci, su bar abin da kurtu ke buƙata a daji, sannan ya sa wanda aka girka wa na'ura ya saki jiki ya daina duban sama.

Yanzu maganar taimakon waje. Masu kafa hujja da Afganistan suna da gaskiyarsu. Amurka ta kashe sama da dala biliyan 80 wajen gina sojojin ƙasar, amma Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agustan 2021 kusan ba tare da faɗa ba. An ba su jirage masu saukar ungulu da ba su iya gyarawa sai da 'yan kwangila na waje, da 'yan kwangilar suka tattara nasu ya nasu sai jiragen suka fara zama a ƙasa. Ga sojojin bogi a takarda da manya ke cinye albashinsu. A Yukren kuwa makaman sun tarar da soja mai niyyar faɗa da injiniyoyin da suka saba da irin aikin, shi ya sa HIMARS, motar harba rokoki ta Amurka, ta sauya yanayin yaƙin a 2022. Duk da haka, da 'yan majalisar Amurka suka yi watanni suna jan ƙafa a kan tallafin dala biliyan 61, harsashin atilare ya yi ƙaranci, garin Avdiivka ya suɓuce wa Yukren a Fabrairun 2024. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Zancen cewa Amurka na hana mu, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba kamar yadda ake kambama shi ba. A 2014 ta hana a sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu na Cobra daga Isra'ila, bisa dalilin take haƙƙin ɗan Adam. Cinikin jiragen yaƙi na Super Tucano daga Amurka ma ya tsaya bayan da jirgin sojanmu ya yi kuskuren jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, sai daga baya aka amince, jiragen 12 suka iso a 2021 a kan kuɗi kusan dala miliyan 500. Ka lura, saye muka yi, ba kyauta ba ce, kuma duk da haka da sharuɗɗa. Kowane mai sayarwa yana riƙe da igiya, shi ke da kayan gyara, shi ke da harsashi. Turkiyya ta karɓi S-400 a 2019, Amurka ta cire ta daga shirin jiragen F-35. Amma ba kullum laifin na waje ba ne. Ina cikin aiki na ga na'ura mai tsada ta yi watanni a rufe da tamfol saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, takardar sayensa na yawo daga wannan tebur zuwa wancan a wani ofishi, kowa na jiran sa hannun wanda ya yi tafiya. Babu Baturen da ya yi mana wannan.

Kuma makami komai kyansa, idan babu sahihin bayani a ƙasa, musiba ne. Mu nan ba ma buƙatar misali daga nesa. Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi take, inda a Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 85. Jirgin ya ga taro, bai san ko su wane ne ba.

Abin da ke kare sansani irin na ƙanenka ƙanana ne, marasa ban sha'awa: na'urar toshe sadarwa da ke raba jirgin da mai sarrafa shi, na'urar da ke jiyo zuwansa, raga da ake shimfiɗawa a saman ramuka da motoci, rufi mai kauri a kan ma'ajiyar harsashi, rarraba motoci maimakon jera su wuri guda, da mai gadin da aikinsa kawai duban sama da kasa kunne. Ko bindigar harbin tsuntsu tana da rana a nan, ana amfani da ita a Yukren. Waɗannan su ya kamata ku riƙa tambayar 'yan majalisarku na tarayya a kansu idan sun zo gida, ba S-400 ba.

Inna kuwa, ka gaya mata gaskiya daidai ƙarfinta: jiragen nan ƙanana ne, abin da suke ɗauka kaɗan ne, akwai dabarun kauce musu, ta ci gaba da addu'a. Ka kuma hana jikoki nuna mata bidiyon da ake turowa. Idan ƙanenka ya kira, kada ku tambaye shi sunan garin da yake ko yaushe za su tashi, kuma ka ja masa kunne a kan ɗora hoto da kaki daga sansani a Facebook ko TikTok. A daren shiga shekarar 2023 an harba wa masaukin sojojin Rasha makamai a Makiivka da ke gabashin Yukren, Rasha da bakinta ta amsa mutuwar 89, ta kuma ce wayoyin da sojojin suka kunna ne suka nuna inda suke.